Yarona yana fitsarin jini, kakarsa ta ce girma ne

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin lafiya a cikinmu ku ba ni shawara. Yarona ɗan shekara 11 ne, satin da ya wuce ina wanki na ga ɗigon jini a gajeren wandonsa. Da na matsa masa ya ce fitsarin lafiya lau yake fita, sai ya zo ƙarewa ne jini ke biyowa, da ɗan zafi-zafi. Ba zazzaɓi, yana cin abincinsa, yana ƙwallonsa. Na gaya wa surukata, ta ce in kwantar da hankalina, girma ne ya zo masa, ubansa ma haka ya yi. Ni dai raina bai kwanta ba.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Zafin rana ne 'yata. Ki hana shi yawon tsakar rana, ki jiƙa masa tsamiya ya riƙa sha. Mun raini maza, mun ga irinsa.

Ɗan Fadama: Tsargiya ce wannan, ba sai an je nesa ba. A garinmu yaron da bai yi ta ba shi ake yi wa dariya. Da kanta take tafiya in mutum ya girma.

Sista Mai Jinya: Maman Sadiƙ, kafin a yi nisa. Ya shiga ruwan rafi, kududdufi ko kanal a 'yan watannin nan?

Maman Sadiƙ: Eh Sista. Dogon hutu ya yi wajen kawunsa a Kura, kullum suna cikin kanal shi da 'ya'yan gidan. Amma ai an kusa wata uku da dawowarsa.

Sista Mai Jinya: To lissafi ya fita daidai. Daga shigar cutar jiki zuwa fara ganin jini yakan ɗauki sati 10 zuwa 12. Ɗan Fadama ya faɗi sunanta daidai, amma maganar a ƙyale ta ce ban yarda da ita ba. Hajiya, ki yi min afuwa, ba rana ba ce, kuma ba balaga ba ce. Namiji ba ya jini don ya balaga. Tsutsa ce a jikin yaron.

Hajiya Babba: Tsutsa kuma? A fitsari? Ikon Allah.

Likitan Karkara: Ranki ya daɗe Hajiya, bari in ɗora a kan maganar Sista. Tsutsar ba a cikin fitsari take zaune ba, a cikin jijiyoyin jinin da suka kewaye mafitsara take, mace da namiji manne da juna. Macen tana zuba ƙwai kullum. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini a ƙarshensa, yana ratsa bangon mafitsara ya faɗa cikin fitsari. Wurin da ya ratsa ya zama rauni. Lokacin da yaro ya zo ƙarasa fitsari mafitsara tana matsewa iya matsewa, sai raunukan su tsatso jini. Dalilin da ya sa jinin ke zuwa a ƙarshe ke nan.

Hanyar shigarta kuwa ta fata ce. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya nemi wani ɗan ƙaramin dodon-koɗi na ruwa ya shiga, ya hayayyafa a cikinsa na wasu makonni, sannan ya fito da yawa yana iyo. Ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya tsoma ƙafa ko hannu, cikin 'yan mintoci sun huda fata. Kuma da tsakar rana suka fi fitowa, daidai lokacin da yara ke faɗawa ruwa don zafi. Wataƙila nan ne iyayenmu suka haɗa ta da rana. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851.

Ɗalibar Kimiyya: Dokta ina da tambaya, kar a yi min dariya. Ni na ɗauka duk jinin da ya fito a fitsari daga ƙoda yake. Mene ne bambancin ƙoda da mafitsara a wannan maganar?

Likitan Karkara: Ba abin dariya, manya da yawa ma haka suka ɗauka. Hanyar fitsari zango huɗu ce. Ƙoda biyu suna can baya, a ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe, dama da hagu, kowace girmanta kusan dunƙulen hannun mai ita. A cikin kowace akwai ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya. Aikinsu irin na rariya ne: ruwa da gishiri da dattin jini su wuce, ƙwayoyin jini da furotin su tsaya. A yini guda suna tace ruwa kusan lita 180, amma jiki ya sake tsotse kusan dukkansa, abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Daga kowace ƙoda wani siririn bututu mai tsawon santimita 25 zuwa 30 ya sauko zuwa mafitsara. Mafitsara ba ta tace komai, ma'ajiya ce kawai ta tsoka, tana ɗaukar kusan rabin lita. Sai zango na ƙarshe, bututun da ke fitar da shi waje, na mace wajen santimita 4, na namiji wajen 20.

Shi ya sa in mutum ya zo mana da jini a fitsari tambayar farko ita ce: a farko, a ƙarshe, ko gauraye? In a farko ne, mu fi zargin bututun waje. In a ƙarshe ne, mafitsara ko bakinta. In gaba ɗaya fitsarin ya rine, musamman ya yi duhu irin launin baƙin shayi, ga kumburin fuska da safe, to hankalinmu ya koma kan matatan ƙoda, wannan kuma ba a kwana da shi. Yara kan yi haka bayan ciwon maƙogwaro ko ƙurajen fata da suka yi ruwa.

Kuma ƙoda ba fitsari kaɗai take yi ba. Tana da hannu a daidaita hawan jini, ita ke aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jini, ita ke ƙarasa gyara bitamin D don ƙashi. Wanda ƙodarsa ta gaza za ki gan shi da ƙarancin jini da hawan jini a lokaci ɗaya.

Ɗalibar Kimiyya: Lita 180! Allahu Akbar. Na gode Dokta.

Ɗan Fadama: Dokta duk na ji, amma ga ni nan da raina. Na yi fitsarin jini tun ina kiwon awaki har na fara gemu, ban sha ko ƙwaya ɗaya ba, ya ɗauke. Yau 'ya'yana shida. Ku 'yan boko komai sai kun mai da shi abin tsoro.

Likitan Karkara: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ɗaukewar jini daban, warkewa daban. Ƙwan da ke fita a fitsari ba su ne abin damuwarmu ba, waɗanda suka maƙale a cikin nama ne. Jiki yana kewaye kowane ɗaya da tabo. Shekara da shekaru bangon mafitsara ya yi kauri, ya daina buɗewa yadda ya kamata. In tabon ya faɗa daidai inda bututun ƙoda ke shiga mafitsara, ya tsuke hanyar, fitsari ya riƙa taruwa a sama, ƙodar ta kumbura tana lalacewa ba tare da wani ciwon kirki ba. Mutum yana iya rasa ƙoda ɗaya sukutum bai sani ba, tunda ɗayar na riƙe da shi. Sannan tsargiyar da ta daɗe tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar mafitsara. Ba kowa ke kaiwa nan ba, yawancin mutane ba sa kaiwa. Amma ba wanda zai dubi yaro ɗan shekara 11 ya ce maka shi ba ya ciki. Ga kuma na kusa: jinin da yake ɗiga kullum yana rage masa jini, ya riƙa kasala a aji.

Ɗan Fadama: To mu bar noman rani ke nan? Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ruwan nan ne abincinmu. Shinkafar da kuke ci a birni da tumatirin, a cikin ruwan muke tsaye muke dasa su. Mai ofis ya ce kar a taɓa ruwa, da sauƙi a bakinsa.

Sista Mai Jinya: Nan kam kana da gaskiya Malam, ba wanda zai ce manomi ya bar gonarsa. Abin da ake cewa shi ne mai shiga ruwa dole ya riƙa shan magani lokaci-lokaci, tunda maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne, ba ya hana sabuwa shiga. Takalmin roba mai tsawo yana taimakawa.

Ɗan Fadama: Sista kin taɓa dashen shinkafa da takalmin roba? Taku biyu taɓo ya cire miki shi.

Sista Mai Jinya: Ban taɓa ba, na sallama. Amma yara fa? Su ba dashe suke ba, iyo suke.

Ɗan Ƙonni: Salamu alaikum daga Nijar. Mu ma nan Birnin Ƙonni inda ake noman rani haka abin yake, da can yankin Tillaberi bakin kogi. Lokotoro na zuwa lakwal ana auna tsawon yara da sanda ana ba su ƙwaya. Abin da na gani, shekarar da aka ba da maganin jinin na raguwa ga yara, in aka yi sake ya komo.

Malamin Firamare: Ɗan uwa ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mu ma ana kawo shi makaranta kyauta, da sandar awon tsawo. Matsalarmu biyu. Ta farko iyaye, ranar da aka ce za a raba sai rabin aji su ƙi zuwa, wai maganin hana haihuwa ne. Ta biyu, yaro ya zo da cikinsa wayam ko koko bai sha ba, a ba shi ƙwaya mai ɗaci, jiri ya kwashe shi ko ya yi amai, kafin azahar labari ya zaga gari cewa magani ya kayar da yara. Shekara mai zuwa ba mai yarda. Da za a riƙa sanar da iyaye kwana biyu kafin ranar su ciyar da yaran da safe, da rabin rigimar ta mutu. Almajirai da yaran da ba sa boko kuwa, waɗanda su suka fi kowa zama a kududdufi, sau da yawa rabon ba ya isa gare su.

Ustaz: Jazakumullahu khairan. Ina so in tuna mana cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana yin fitsari a cikin ruwan da ba ya gudu, hadisin ingantacce ne. Bisa bayanin Dokta, in ƙwan bai isa ruwa ba ai zancen ya ƙare. Wannan aikinmu ne mu malamai, a islamiyya da tsangaya, mu koya wa yara kamar yadda muke koya musu tsarki.

Likitan Karkara: Haka ne Malam. Sai dai a ƙara da cewa ruwan kanal mai tafiya a hankali ma yana ɗauke da dodon-koɗin, musamman gefe-gefe inda ciyawa ta yi yawa.

Mai Maganin Gargajiya: Maman Sadiƙ ki yi min magana ta akwatin sirri. Ina da haɗin da ke wanke ƙoda da mafitsara tas cikin kwana uku, tsargiya, sanyi, tsakuwa, duka. Ana turawa ko'ina.

Shugabar Zaure: Malam, dokar zauren nan ba talla. Wannan gargaɗi ne, in aka sake zan cire.

Hajiya Babba: Ni ba na sayar da komai, amma kar a raina na gargajiya. Kafin asibiti ya zo da me aka rayu?

Likitan Karkara: Hajiya ba raini ba ne. Tsamiyar da kika ce ba za ta cuce shi ba, ruwa ne zai sha ya ƙaru. Tsutsar ce dai ba za ta ji ba. Abin da nake tsoro shi ne haɗe-haɗen cikin jarka da ba a san me aka zuba ba, ba a san awonsa ba. Duk abin da mutum ya haɗiya, ƙarshensa hanta da ƙoda ne za su yi dakonsa. Ƙoda mai lafiya ba ta bukatar a wanke ta da komai, ita ce mai wankin. Kuma don kar a ce na ware na gargajiya: namu na kemis ma suna kashe ƙoda. Diclofenac da ibuprofen da leburori da 'yan acaba ke sha kullum don ciwon jiki, ga rana ga rashin shan ruwa, da allurar gentamicin da ake dankara wa mutane barkatai da sunan maganin sanyi. Manyan masu kai mutane wankin ƙoda dai hawan jini ne da ciwon suga da ba a kula da su ba. Wanda ya ga yadda ake wankin nan, awa huɗu a kan inji, sau biyu ko uku a sati, da kuɗin da yake ci, ba zai yi wasa da awon jini ba.

Mai Kemis: Dokta ka haɗa da mu, ba komai. Amma tambaya: tunda alamun sun fito ƙarara, yaro ya shiga kanal, jini a ƙarshe, me zai hana ta sayi praziquantel, maganin tsargiyar, ta ba shi kawai? A makaranta ma ai ba gwaji ake yi ba.

Mai Gwaji: Bari ni in amsa wannan tunda teburina ne. Rabon makaranta na jama'a ne, an riga an san yankin na da cutar. Wannan kuwa yaro ɗaya ne da ya zo da ƙorafi, kuma gwajin ba tsada gare shi ba. Fitsarin da za a kawo min zan duba ƙwai a madubin gwaji mai ƙara girman abu, in ga kuma ko akwai ƙwayoyin cuta da suka hau kai, ko furotin mai yawa da zai nuna ƙoda. Tsakuwa na sa jini, mai sikila ko mai AS ma kan yi fitsarin jini. In ka ba da magani a makance jinin bai tsaya ba, ka dawo farko ka ɓata wata guda.

Maman Sadiƙ, ga yadda za ki yi. A karɓi fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin ne ƙwai suka fi fita. Ya tabbatar ɗigon ƙarshe ya shiga kwalbar, kar ya tari na tsakiya kawai ya zubar da sauran. A miƙa shi da wuri, kar ya wuni a jaka. In ba a gani ba a karon farko a sake, ba kullum suke fita da yawa ba.

Mai Kemis: Na karɓa. Amma a ƙauyen da ba madubi fa?

Likitan Karkara: A can ma'aikacin lafiya zai iya bayarwa bisa alamu, an yarda da haka. Ita tana cikin gari. Awonsa miligiram 40 ne ga kowane kilo na nauyin mutum, ƙwaya ɗaya kuma miligiram 600 ce, ka ga yaro mai kilo 30 ƙwaya biyu ke nan, sha ɗaya, bayan ya ci abinci. A ɗora shi a sikeli, kar a kintata. Maganin bai cika kama tsutsar da ba ta gama girma ba, don haka wani lokaci mukan maimaita bayan 'yan makonni.

Amaryar Bana: Don Allah mata fa? Ni a bakin rafi na tashi, wanki da wanke-wanke duk a can. Shekara biyu ke nan ina fama da ciwon mara da ɗigon jini bayan kwanciyar aure, an ce sanyi ne, na sha magani har na gaji.

Sista Mai Jinya: Ƙanwata, gara da kika yi magana. Ƙwan tsargiya ba mafitsara kaɗai suke maƙalewa ba, suna zama a bakin mahaifa da farji, su kawo irin abin da kika lissafa, har da ƙaiƙayi da fitar ruwa, wani lokaci da jinkirin haihuwa. Ana yawan ɗaukarsa ciwon sanyi, maganin sanyi kuwa ba ya taɓa shi. Ban ce shi ne da ke ba. Jini bayan saduwa abu ne da dole likitan mata ya duba bakin mahaifa da idonsa, don akwai wasu dalilan da ba a son a makara da su. In kin je ki faɗa da bakinki cewa a rafi kika girma, don ba kowane likita zai tambaya ba. Kuma ki sani ba a ɗaukar tsargiya ta wajen miji, kar a zargi kowa.

Amaryar Bana: Na gode Anti, Allah ya saka.

Maman Sadiƙ: 'Yan uwa mun je yau. An ga ƙwan, har mai gwajin ya bar ni na leƙa. An auna shi kilo 31, an ba shi maganin bayan ya ci shinkafa, ya ɗan yi jiri ya kwanta. Sun ce mu koma a sake gwaji. Na kira kawunsa na ce a kai nasa yaran su ma. Surukata dai ta ce to, Allah ya sa a dace.

Sista Mai Jinya: Madalla. Kar ki firgita in jinin bai ɗauke gobe ba, raunin na ɗaukar kwanaki ko makonni kafin ya rufe. Ki gaya wa gidan kawun, ruwan wankan da suke ɗebowa daga kanal su bar shi ya kwana biyu a mazubi kafin a yi amfani da shi, ko a tafasa. Abin da ke huda fatar ba ya wuce kwana biyu da rai in bai samu mutum ba.

Baba Alhaji: Ina ta karantawa ban sa baki ba. Likita, ni shekarata 61, rabona da rafi tun ina saurayi. Wata biyu da suka wuce na yi fitsari ja wur sau ɗaya, ba zafi ko kaɗan, bai sake ba. Sai dai ina tashi sau uku sau huɗu da dare, kuma ba ya fita da ƙarfi. In sayi irin na yaron nan in sha?

Likitan Karkara: A'a Baba, naka daban ne. Tashin dare da raunin fitsari ya fi kama da kumburin furostet, wani ƙullutu da ke kewaye da bututun fitsari a ƙarƙashin mafitsara, yakan girma wa maza in shekaru sun ja, kuma ana maganinsa. Amma jini ba tare da zafi ba ga mai shekarunka, ko sau ɗaya ne, ba ma barinsa sai an yi hoton ƙoda da mafitsara, wataƙila har a leƙa cikin mafitsarar da na'ura. Rashin zafin ne ma ya fi sa mu gaggawa. Ka nemi sashen likitocin mafitsara a babban asibiti cikin satin nan. Kana shan taba?

Baba Alhaji: Na bari shekara goma ke nan.

Likitan Karkara: Ka gaya musu wannan ma, da shekarun da ka yi kana sha.

Ɗan Fadama: Mai Gwaji, wanda jininsa ya ɗauke tun tuni, in ya kawo fitsari za a ga wani abu? Ba don ni ba, wani ne ya tambaye ni.

Mai Gwaji: Ka ce wa wanin ya zo tsakanin 10 da 2. In har yanzu yana shiga ruwa ana iya ganin ƙwai ko da ido ba ya ganin jini. Tabon da ya riga ya zauna kuwa sai hoto, ya nemi a duba masa ƙoda da mafitsara, ya je da mara cike.

Ɗan Fadama: To sai an gama yankan shinkafa.

Sista Mai Jinya: Ranar Juma'a ba ka zuwa gona da safe, Malam. Asibiti na buɗe.